Takardar da Ba a Ƙona Ba

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Yau aka rufe azumin kwana bakwai da cocinmu ya yi saboda mutanenmu uku da aka ɗauke a hanyar Mashegu: John, da Sati, da Kawu Filibus ɗan Kaka Alice. Doya suka je saye. Baburansu kawai aka tsinta a bakin daji. Waɗanda suka ɗauke su, ko a gida ba ma kiran sunansu, sai dai a ce mutanen can.

A cocinmu in abu ya yi tsanani, kowa yakan rubuta roƙonsa a takarda, ya ninke, ya jefa a kwalin da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Ba mai karantawa, ko Fasto. Ranar ƙarshe sai a juye su a kasko a bayan coci, a yi addu'a, a sa wuta. Tsakanin mutum ne da Allahnsa.

Da yake Baba ne mai kula da coci, ni aka aika ɗakin baya in ɗauko kwalin. Ashe kwano yana yoyo a wurin, gindin kwalin ya jiƙe. Ina ɗagawa ya ɓalle, takardu suka watse. Na durƙusa ina kwasa. Allah ya sani ban shiga da wata niyya ba. Sai na ga koren biro ya fito ta bayan wata takarda. Mutum ɗaya ne a cocin nan yake rubutu da koren biro, Yaya Silas, mai koya mana waƙa.

Ban buɗe ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Cusa ta kawai na yi cikin rigata.

Da aka sa wuta, hayaƙin bai yi sama ba. Ƙasa ya bi, yana ratsa ƙafafun mutane. Mama ta ce danshi ne, haka yake yi in hadari ya haɗu. Kaka Alice ba ta gani sosai, yanar ido ce ta kama ta. Ta laluba ta kama hannuna. Da sunan Baba take kirana.

"'Yar Audi, ya tashi?"

Na ce, "Ya tashi, Kaka."

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe 2 na rana

Na sa takardar cikin littafin soyayyar da Umaima maƙwabciyarmu ta ara mini, daidai inda saurayin ya tsaya a cikin ruwan sama ya ƙi tafiya. Na sa littafin a ƙasan akwatina.

Shekara biyu ina ƙungiyar mawaƙa, maganar da Yaya Silas ya taɓa yi mini ba ta wuce "Priscilla, ɗaga murya" ba. Amma ran Alhamis, da kowa yake jefa tasa, ya jefa ya juyo, ya kalli layinmu. Mu shida ne a layin, na sani. Mutum dai ba ya yi wa Allah ƙarya. In akwai sunan wata a zuciyarsa, yana cikin takardar nan.

A littattafai yarinya takan ajiye wasiƙa kwana uku kafin ta buɗe. Zan jira.

Talata, 3 ga Satumba, da safe

Hannuna yana warin hayaƙi. Na wanke da sabulu sau biyu.

Laraba, 4 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

John da Sati sun dawo. Wani mai babur daga Beri ne ya kawo su, ba takalmi, ƙafafunsu duk sun kumbura. Unguwa ta cika da guɗa. Matan Zumunta na cocinmu suka fito da tulunan kiɗa, har Umaima da mamanta sun shigo yin barka.

Kawu Filibus ba ya cikinsu. Sati ya ce tun kwana na biyu aka raba su, daga nan sai kallon bango.

Kaka Alice ta taɓa fuskar John, ta taɓa ta Sati, sai ta ci gaba da miƙa hannu gefe, tana neman ta uku. Ba wanda ya iya gaya mata. Hannun ya daɗe a sama.

Alhamis, 5 ga Satumba, ƙarfe 11 na safe

Na buɗe.

Alhamis, ƙarfe 3 na yamma

Rubutunsa ne, amma ba tasa ba ce. Ta yaya na manta? Tsofaffin da ba su yi makaranta ba, matasa ne suke rubuta musu. Na gan shi da idona ranar, a kan benci kusa da Kaka Alice, ya kara kunnensa a bakinta.

Zan kwafe ta nan, don idan na rufe ido ita nake gani:

"Ya Uba, ni ce baiwarka Alice. Ban iya rubutu ba, yaro ne yake rubuta mini. Ka ba ni 'ya'ya shida, ka karɓi biyar, ban yi maka gardama ba. Wannan ɗayan nake roƙo. Yana da ciwon ƙirji, in ruwa ya dake shi tari yake yi. Ka sa su ajiye shi inda ba ya yoyo. Ka dawo mini da shi tun idona yana ɗan ganin haske."

Duk takardun coci sun shiga wuta. Ɗaya ce ba ta shiga ba. Mutum uku aka ɗauka, ɗaya ne bai dawo ba.

Ba zan ƙara tunanin wannan ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, da asuba

Mun durƙusa addu'ar safe, Baba ya ce ni zan yi. Na ce "Ya Uba", sai na tsaya. Ba mantuwa ba ce. Kamar ka ɗaga waya ka ji an yanke layin. Na yi tari, na ce maƙogwarona ne. Happiness ƙanwata ta ƙarasa.

Asabar, 7 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Koyon waƙa. Akwai baitin da nake yi ni kaɗai gobe, wanda yake cewa ba abin da yake ɓoye a gaban Yesu. Sau uku ina zuwa wurin muryata tana yankewa, a kalma ɗaya.

Yaya Silas ya ce, "Priscilla, lafiya? Ko azumin ne bai sake ki ba?"

'Yan baya suka yi dariya. Na ce mura ce. Ya zaro koren bironsa ya soke sunana, ya rubuta na Happiness. Shekara biyu ina jira ya tambaye ni lafiya.

Lahadi, 8 ga Satumba, ƙarfe 2 na rana

Fasto ya yi wa'azi a kan mutumin nan na zamanin dā da ya binne kayan da aka haramta a ƙarƙashin tantinsa, har jama'arsa suka sha kashi a hannun ƙaramin gari. Ya ce mutum ɗaya ne ya ɓoye, amma duk sansani ne ya gudu. Ya ce shi bai san komai ba, ba kuma ya zargin kowa, sai dai kowa ya duba ƙasan tantinsa.

Na kafa ido a kan ƙeyar Mama. Duk da haka sai da na ji kamar ana kallona ta baya. Na juya. Bango ne kawai, da ƙofar ɗakin baya a ɗan buɗe. Ni na rufe ta da safe da na yi shara.

Litinin, 9 ga Satumba, da rana

Ruwa tun safe. Ko inda Kawu Filibus yake yana yoyo?

Talata, 10 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Na yanke shawara zan ƙona ta da kaina. Wuta ai wuta ce. Da Mama ta tafi kasuwa na kai ta bayan kicin da kwalin ashana. Ta farko ta karye. Ta biyu kanta ya gutsure. Ta uku ta kama, na kai ta bakin takardar, ta mutu, ba iska. Na ƙyasta har bakwai.

Ashana tana yin sanyi da damina, kowa ya sani. Akwai garwashi a murhu, taku biyar tsakanina da shi. Na tsaya ina kallonsa. Na ga in na jefa ta ciki, shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani har in mutu, ni kuma haka zan zauna har in mutu. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

Na mai da ita cikin littafin.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Happiness ta ce ina magana cikin barci. Na ce me nake cewa? Ta ce, "Ya tashi, ya tashi. Waye ya tashi, Yesu ko saurayin littafinki?" Na mare ta. Ban taɓa marinta ba. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, ta ɗauke tabarmarta ta koma ɗakin Mama.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

An raba mana sa'o'in addu'a saboda Kawu Filibus, kowa awa ɗaya a coci, kada sarƙar ta yanke. Tawa ƙarfe uku zuwa huɗu. Na durƙusa a gaban bagade awa guda cif. Na ƙirga ramukan kwano. Na ji ƙadangare yana tafiya a silin. Ko kalma ɗaya ba ta fita ba.

Wadda ta karɓe ni ta ce, "Kai, 'yar nan akwai naciya, ko motsi ba ki yi ba."

Na ce, "Yabo ga Ubangiji."

Sarƙar a wurina ta yanke, kuma ba wanda ya sani.

Juma'a, 13 ga Satumba, ƙarfe 1 na rana

Umaima ta zo karɓar littafinta. Na buɗe akwati, na ga ƙasa-ƙasa a kan bangon littafin. Gara ce. Ta cinye shi daga baya har tsakiya, ta ci saurayin da ruwan saman duka. Takardar tana nan a tsakiya, ko kusurwarta ba a taɓa ba.

Na yi sauri na zare ta kafin Umaima ta leƙo.

Ta ce, "Inna lillahi. Littafin yayata ne fa, Pirisi. Ke gara ma a ɗakinku soyayya take ci?" Sai ta ga hannuna a baya. "Mene ne wannan? Wasiƙa? Mai koren biron ne? Ba ni in gani, munafuka."

Na ce ba komai. Ta daina dariya.

"Kin rame fa. In wani abu kika yi, ki faɗa wa Allahnki ki huta. Mu haka ake koya mana, ku ban sani ba."

Na ce mu ma haka ne. Ta ce, "To?"

Asabar, 14 ga Satumba

Ban je koyon waƙa ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, ƙarfe 3 na yamma

Jibin Ubangiji, ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a coci. Da faranti ya zo layinmu na miƙa wa ta gaba ban ɗauka ba. Mama ta gani. Da muka iso gida, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Priscilla, dube ni. Wani ya taɓa ki?"

Na ce a'a.

"Kin ga al'adarki?"

Na ce na gani. Ta sauke numfashi, ta ce to in ba wannan ba, me yarinya kamarki za ta yi da zai hana ta cin jibi? Na kusa. Maganar ta zo har haƙorana. Sai na tuna dole in faɗi dalilin da ya sa na ɗauka, in faɗi sunan Yaya Silas a gaban Mama. Na ce faɗa muka yi da Happiness ban nemi gafara ba.

Ƙarya ta nawa ke nan? Dā ban iya ba. Yanzu tana fitowa da sauƙi fiye da addu'a.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Hanyar famfo ta ƙofar Kaka Alice take bi. Kullum da yamma tana zaune a kan kujerar tsuguno, fuskarta wajen titi, in babur ya wuce ta karkata kai. Na koma zagayawa ta bayan makaranta. Yau na manta. Na taka a hankali, ba takalmi ma, amma ta ce, "'Yar Audi, ba gaisuwa?"

Ban san yadda ta gane ni ba.

Laraba, 18 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

A bakin famfo na ji mata biyu na cocinmu suna magana. Ba zan rubuta sunansu ba.

Ɗaya ta ce, "Ai wa'azin Fasto ba a banza ba ne. Uku aka ɗauka, Allah ya fid da biyu. Ke ba ki tambayi kanki ba?"

Ɗayar ta ce, "An ce dā ma Filibus yana da wata a Salka."

"Ni ban ce ba. Amma abin da mutum ya binne shi yake riƙe masa ƙafa."

Sun manta cewa katangar Kaka ce a bayansu. Ko ba su manta ba. Da na ɗauko bokitina na wuce, kujerar tana nan, ita ba ta nan. Ƙofarta a rufe tun rana ba ta faɗi ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, da rana

Ba ta fito ba yau ma. Mama ta kai mata kunu ta dawo da shi.

Kawu Filibus yana can cikin ruwa yana tari, an ɗora masa kayana.

Juma'a, 20 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Na je. Zan rubuta duka.

Na same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa da lalube. Na durƙusa. Na fara daga kwalin da ya ɓalle. Ban ɗaga kai ba har na kai ƙarshe, har ashana, har matan famfo. Ba ta daina ɓarewa ba. Na ji ƙarar kwanso ya fi ashirin kafin ta yi magana, da Hausarta mai karyewa irin ta mutanen Rijau.

"Silas ya sa ki?"

"A'a, Kaka. Bai sani ba."

"To me kike nema a takardar tsohuwa?"



"Oho," ta ce. "Sunanki kike nema." Ta yi wata gajeriyar dariya da ba daɗi a ciki. "Ni ina neman ɗa, ke kina neman miji, a kwali ɗaya."

Na fara kuka. Ta ce in bari, ba ta gama ba. Ta ce ranar da ta tambaye ni ko ya tashi, ta ji hannuna ya yi sanyi kamar na gawa, ta san akwai magana, ta ɗauka hayaƙin ne kawai.

Na ce, "Kaka, ni na hana shi dawowa."

"Ke? Ke wace ce?" Ta tofar da ɓawo. "Wanda ya ji ni tun ina raɗa wa Silas a kunne, takarda zai tsaya jira? Ba ki kai ki tare wa Allah hanya ba, 'yar Audi. Taki hanyar kika tare. Tana ina? Karanta mini. Yaron nan bai karanta mini ba, ninkewa kawai ya yi."

Na karanta. Muryata ba ta yanke ba, har ƙarshe. Na ga leɓenta yana motsi tare da ni.

Ta ce, "Ya gyara ni. Ban ce baiwarka ba, tsohuwarka na ce. Kuma wa ya ce ban yi gardama ba? Da Allah ya karɓi na huɗun shekara guda ban taka coci ba, zaginsa nake a gona da yarenmu Dukanci. Na faɗa wa Silas ya sa, ya ce ba a rubuta wa Allah haka. Kamar ba ya wurin lokacin da nake yi."

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta ninke ta ƙanana ta ɗaure a bakin zaninta. Ta ce wannan ba za a ƙona ba, in Filibus ya dawo zai karanta da kansa, ya ga wahalar da ya ba ta.

Na ce ta yafe mini.

"Nawa na yafe. Na ɗana fa? Sun ce shi ne mai binne abu. A famfo suka faɗa, a gaban kowa. Ran Lahadi za ki tashi a gaban kowa ki sauke masa."

Na ce, "Har dalilin?"

"Har dalilin. In kin bar rabi a ƙasa, gobe ya tsiro."

Asabar, 21 ga Satumba, da yamma

Na faɗa wa Baba da Mama. Baba ya cire makullan coci daga aljihu ya ajiye a tebur, ya daɗe yana kallonsu. Ya ce shekara goma sha ɗaya ko allura ba ta taɓa ɓata a ɗakin nan ba. Mama ta ce, "Koren biro," ta rufe baki da zani, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

Na nemi gafarar Happiness. Ta ce sai ta yi tunani, amma ta dawo da tabarmarta.

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe 3 na yamma

Na tashi lokacin shaida. Daga bencinmu zuwa gaba taku goma sha huɗu ne.

Na faɗa. Da na kai wurin dalilin, wani a cikin samari ya yi dariya, wasu suka taya shi, Fasto ya ɗaga hannu suka yi shiru. Na ce in akwai wanda ya binne abu a sansanin nan, ni ce, ba Kawu Filibus ba. Matan famfo suka sunkuyar da kai. Ban kalli inda Yaya Silas yake ba. Happiness ta ce ƙasa yake kallo, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

Dattawa sun dakatar da ni daga ƙungiyar mawaƙa wata uku. Baba ya miƙa makullai, Fasto ya mayar masa. A bakin ƙofa Yaya Silas ya wuce ni, ya ce, "Sannu, Priscilla," bai tsaya ba. A littafi da ya juyo. Bai juyo ba, kuma ban mutu ba.

Zuwa gobe duk unguwa ta ji. Zan je famfo duk da haka.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe 7 na yamma

Kaka ta aiko a kira ni. Ta ce tunda idona yana son ganin abin da ba nasa ba, in zo in yi mata aiki da shi. Ta sa an fito da kujera ta biyu.

Babur tara suka wuce. Kowanne sai ta ce, "Wa ke baya?" in gaya mata. Mai buhu. Mace da goyo. Ba kowa. Ɗaya ya rage gudu a daidai ƙofar Kaka, mutum a baya ya lulluɓe kai da tawul, na miƙe tsaye har kujerata ta faɗi. Ashe rami yake kauce wa.

Da aka kira magariba a masallacin su Umaima, ta ce yau ba shi ke nan, mu yi addu'a mu shiga.

"Ke fara. Kuma kada ki gyara."

Na ce, "Ya Uba, ni ce Priscilla, wadda ta ɗauki takardar." Daga nan sauran suka zo. Na daɗe, har sai da ta taɓa gwiwata ta ce ya isa, sauro yana cinta, in bar wani na gobe.